Shekarar da Aka Yanka Burtali

Na ji abin da ake faɗa a kan babanku, na kuma ji cewa wasunku sun fara yarda. Wai an ba shi fegi ne, wato filin gini, ya yi shiru aka yanka burtali. Ranar sunan ɗiyar autata Rabi wata ta faɗa a bayana, tana tsammanin kunnena ya mutu. Kunnena bai mutu ba, ƙafafuna ne suka gaji. Shi ya sa na ce sai an rubuta wannan babin tun ina da sauran numfashi, don wanda ke kwance a ƙasa ba zai tashi ya kare kansa ba. Ba zan wanke shi tas ba, ni kaina na yi makonni ba na kallon fuskarsa in ya shigo. Amma abin da ya yi daban, abin da ake cewa ya yi daban.

Jikokina ba su san burtali ba, sai in faɗa saboda su. Hanyar bisashe ce da aka bari tun kakanni, mai faɗi, ba a nomanta, ba a gini a kanta. Tamu ta taso daga arewa, daga wajejen Tagris, ta ratsa tsakanin gonaki, ta shigo Dakwaro ta ƙofar gidan nan, ta zarce tsohuwar kasuwar bisashe. Kakanku da ya gina gidan, saboda ita ya gina shi a nan. Shi ya sa ƙofarmu ta fi ta kowa faɗi, shi ya sa kuke ganin wannan tsakar gida da ta yi mana yawa har yara ke buga ƙwallo a ciki. Sana'ar gidan nan saukar baƙi ce. Makiyayi ya taho da dabbobinsa jajibirin kasuwa, ya sauka wurinmu, a shayar da su a rijiyarmu, a ba shi abinci da tabarma. Da safe babanku ya shige gaba ya sayar masa, ya tsaya masa kada a cuce shi, ya sami la'adarsa. Da ita muka ci, da ita aka aurar da ku. Ni kuwa tun ina amarya aka miƙa mini tukunyar da sai mutum biyu ke sauke ta daga murhu. Na yi mita iya mita. Amma in la'asar ta yi na ji kukan shanu daga nesa, jikina da kansa yake tashi.

Babban baƙonmu shi ne Ardo Maude, dattijon Fulani, dogo, mai magana kamar ana cire masa ita da ƙarfi. Ubansa ya sauka wurin kakanku, shi ya sauka wurin babanku. In ya iso ba ya tambayar inda zai kwana, ya san rumfarsa. Ni yana ce mini uwar gida, yana kuma yi mini tsiya kan gishirin miyata, wai mutanen gari ba mu san ɗanɗanon abinci ba sai na gishiri. Ina ce masa wanda ya rayu da nono tsura ba shi da bakin magana a kan miya.

To gari ya yi ta girma. Kasuwar bisashe da muka sani a bakin gari, sai muka wayi gari tana tsakiya, gidaje sun zagaye ta. Kwalta ta zo, manyan motocin kamyo suka fara shigowa ɗaukar shanu, kabu-kabu suka cika ko'ina kamar fari, amalanken shanu da na jakai suna nan ba su je ko'ina ba. Ranar kasuwa hanya ɗaya ce kowa ke son bi. Kamyo ya toshe gaba, garke ya toshe baya, mai kabu-kabu yana zagin mai raƙumi, mai raƙumi yana kallonsa daga sama bai ma san da shi ake ba. Maƙwabciyarmu naƙuda ta kama ta ranar kasuwa, aka ɗora ta a amalanke za a kai ta likita, a cikin cunkoson nan ta haihu, mata suka kewaye ta da zannuwa. Ina cikin masu riƙe zanen. Ina kuma cikin waɗanda suka fi kowa ɗaga murya cewa a yi wa garin nan gyara. Ku rubuta wannan, ban ɓoye ba.

Da koke ya yi yawa, aka ɗauko masu tsara gari daga birni. Aikinsu su duba wace hanya ake bi, wacce ba a bi, inda ya kamata tasha ta zauna, inda ya kamata kasuwa ta koma, da filin da za a yanka wa masu neman wurin gini. Wanda ya zo unguwarmu wani injiniya ne, Nasiru, mai ladabi, mai cire takalmi kafin ya hau tabarma. Ba ni da abin da zan ce ya yi mana na mugunta. Abu ɗaya ne, da damina suka zo. Da damina kuwa kowa ya sani bisashe suna can arewa, sun ba gonaki wuri. Burtali ya yi kore shar, ciyawa har gwiwa, babu mai bi sai jakai da 'yan awakin unguwa. Nasiru ya yini a gindin aduwar ƙofarmu yana kallon hanya, abin da ya gani ke nan. Shi ma ya san idonsa bai isa ba, shi ya sa ya nemi a haɗa shi da mai masauki.

Allah ya sa ranar Ardo Maude yana gidanmu, ya sauko sayen hatsi da kanwa. Suna zaure su uku, ni na kawo fura na tsaya bayan zana, don ban taɓa iya barin magana ta wuce ni ba.

Nasiru ya ce, “Baba, in rani ya yi, bisashe kamar nawa ke biyowa ta nan ranar kasuwa?”

Babanku ya dubi Ardo. Ardo ya dubi ƙasa.

“To,” in ji babanku, “ɗan abin da ba a rasa ba.”

“Ɗari? Dubu?”

“Kai, ina! 'Yan tsiraru na. Wanga ya taho da biyu, wancan da ukku.”

Nasiru ya ajiye ludayi. “Baba, ka hwaɗa mini gaskiya. Wallahi ba zancen lanho ba ne, ba wanda za a ɗora ma haraji. Hanya muke son mu sani, in ana binta a bar ta.”

Ya juya wurin Ardo, ya tambaye shi garkensa kamar nawa ne. Ardo ya gyara rawani ya ce, “Mu talakawa muna da mi? Fari ya cinye. Sai ɗan abin tatsa ma yara.”

Sau uku yaron nan ya sake tambaya, sau uku aka ba shi amsa iri ɗaya. Ya yi godiya, ya sa takalminsa, ya tafi.

Ku da kuka yi lakwal, kuka san boko, za ku ce ƙarya suka yi. A wurinsu ba ƙarya ba ce. Makiyayi ba ya faɗin yawan dabbobinsa, ko ɗansa ne ya tambaye shi. Yana tsoron baki, yana ganin ranar da ka ƙidaya su a fili ranar suka fara raguwa. Ga kuma tsohon tabo, iyayensu sun sha ganin mai takarda ya zo da tambaya mai daɗi, bayansa mai karɓar jangali ya biyo. Shi kuwa mai masauki, amanar da ke wuyansa ke nan. Ya san abin da kowane baƙo ya mallaka, ya san wanda ya sayar don yunwa da wanda ya sayar don aure, kuma bakinsa a rufe yake. Ranar da ya buɗe shi, ranar ya daina zama mai masauki. Babanku bai yi tunani kafin ya amsa ba, kamar yadda ba ka tunani kafin ka amsa sallama.

Ni ma a ranar dariya na yi. Na ce masa, “Malam, 'yan tsiraru ne nike dahwa ma tuwo a waccan tukunya?” Ya ce in bar shi, ba a nuna wa baƙon ido cikin rumbu.

Bayan kaka maganar ta dawo. Aka ce an gama tsari. Za a ɗauke kasuwar bisashe a kai ta can kudu, bakin kwalta, inda kamyo za su yi lodi ba tare da sun shigo gari ba. Wannan kowa ya ce madalla. Sannan aka ce burtalin arewa, tunda an tabbatar ba a binsa sosai, za a yi lotisma a kansa, a yanka shi fegi-fegi a bar ɗan layi a tsakiya. Bisashe kuma su zagaye gari ta bayan gonaki. Aka sa ranar taro, aka ce duk mai ƙorafi ya zo ya faɗa kafin a kafa borni, turakun simintin da suke shata fili da su.

A nan ne na tashi tsaye. Na same shi yana gyaran guga a bakin rijiya.

“Malam, ka tahi ka hwaɗa musu. Ka ce dubbai na, ka ce da damina sunka zo.”

“In ce musu mi? In ce ƙarya na yi?”

“Ka ce kunya ka ji, ka ce komi! Gidan ga za su kashe.”

“In tsaya gaban gari in ƙidaya dukiyar mutane? Ardo na zaune kusa da ni ya ce ba shi da komi, ni in tashi in ce yana da? Da wane ido zan dube shi?”

“Da wane ido za ka dube shi in ya zo ya iske bango?”

Ya ci gaba da ɗaure guga kamar ita ce matsalar duniya. Na ce ya aika arewa a kira Ardo su je tare, Ardo ya faɗa da bakinsa. Ya aika. Amsar da ta dawo ita ce burtali ba na mutum ba ne, tun kafin a haifi masu awo yake nan, ba mai iya ɗauke shi. Har zuciyarsu haka suka ɗauka. A ganinsu yanka burtali kamar a ce za a yanka gulbi ne.

Ya je taron. Ni ban je ba, amma an ba ni labari tiryan-tiryan. Nasiru da kansa ya neme shi da ido a cikin jama'a ya ce, “Baba mai masauki, kana da magana?” Babanku ya miƙe. Ya ce burtali gadon kakanni ne, a ji tsoron Allah a bar shi. Aka ce an ji, amma gari na bukatar wurin zama, kuma shi da bakinsa ya ce 'yan tsiraru ke bi, ko akwai gyara a maganar? Masu neman fegi sun cika wurin, kowa ya zuba masa ido. Daga ƙarshe ya ce babu gyara, ya zauna.

Ga zancen fegin da ake yi masa sharri da shi. Gaskiya ne an ce duk gidan da ke bakin burtali za a ba shi fegi guda. Maƙwabta duk sun karɓa, ban ga laifinsu ba, suna da 'ya'ya. Babanku ya ce ba zai kwana a kan hanyar shanu ba, ba zai kuma sa ɗansa ya kwana ba. Na yi faɗa har muryata ta dushe. Na ce ka rasa hanya, ka kuma ƙi fili, da me za mu tashi? Ya ce da mutunci. Na ce ya kawo in dafa mana shi mu ci. Wannan maganar ta yi masa zafi, na gani a fuskarsa, kuma ban janye ta ba. Fegin da ke jikin bangonmu na arewa, wanda ake nuna muku ana cewa nasa ne ya sayar a ɓoye, wani ɗan kasuwa aka ba, ku je ku tambaye shi yana nan da ransa.

Gini bai jira kowa ba. Kafin tsakiyar rani katangu sun tashi, wasu na bulo wasu na laka, wani ma ya ci rabin layin da aka bari. Ranar da garken Ardo ya sauko ina tsakar gida na ji kukan, na fito. Shanun nan sun taho a kan hanyar da iyayensu suka bi, suka iske bango. Ba su san zagaye ba. Suka tsaya suna kuka, na baya na tura na gaba, suna jin ƙamshin ruwan rijiyarmu ga shi nan kusa. 'Yan kaɗan suka kutsa cikin layin suka rushe wa wani sabon gini, aka fito da sanduna. Sauran shanun kuma makiyaya suka kora su gabas, suka faɗa kan kwalta. Abin da aka yi tsarin don a hana, shi ya faru, har ya fi na da. Kamyo ya taka birki a makare ya karya wa wata saniya ƙafafu, a bakin hanya aka yanka ta, mai kabu-kabu guda ya kwana likita. Babanku ya fita da gudu ba hula, ni ban taɓa ganin kansa a waje ba hula ba sai ranar.

Daga nan aka hana bisashe shiga gari kwata-kwata. Sai zagayen bayan gonaki, hanya mai nisa, ba rijiya ba inuwa, ga rigima da masu gona kowane mako. Wanda ya sha wannan wahala ya isa sabuwar kasuwa a kudu, ba zai bar dabbobinsa can ya ratso gari ya zo arewa don ya ci tuwona ba. Sababbin masu masauki suka buɗe a bakin kwalta, yara masu salula da babur. Baƙinmu suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya, kowa da kunyarsa, in sun hango babanku a kasuwa sai su sunkuyar da kai. Shi kuwa bai daina zuwa ba. Jajibirin kasuwa sai in dafa, ya ɗauki kwano a ɗaure cikin ƙyalle, ya hau kabu-kabu, tsoho da shi, ya kai wa Ardo can. Tun ina cika kwano uku har na koma ɗaya. Wata rana ya dawo da shi ba a buɗe ba. Ya ce Ardo ya ce a yi mini godiya, amma ya riga ya ci a inda ya sauka, kuma bai kamata dattijo ya riƙa ratsa motoci da kwano saboda shi ba.

“Ya yi gaskiya,” in ji babanku. “Kar ki ƙara ɗorawa.”

Ban ce masa ai na faɗa maka ba. Na so in faɗa, ta zo mini har baki, na haɗiye. Mutumin da nake gani a gabana ya riga ya faɗa wa kansa fiye da abin da zan faɗa.

Ba ciwo ne ya fara kama shi ba, zama ne. Mutumin da bai taɓa yini a gida ranar kasuwa ba, sai ga shi a zaure daga safe har magariba, yana kallon bangon maƙwabci. Ya daina tsokanata, ya daina faɗa, ni da na saba da mu yi ta cacar baki sai na rasa abokin yi. Na sayar da ƙosai, yayyenku suka tafi neman kuɗi kudu, muka rayu. Cunkoson gari kuwa bai tafi ko'ina ba, ya dai koma bakin sabuwar kasuwa, don shaguna da tasha duk sun bi ta can. Unguwarmu ta zama lungu. Yanzu in ka ce wa mai kabu-kabu ya kai ka bakin burtali, sai ya tambaye ka ina ne nan. Ina jin baƙin ciki har yau, ba kuma ni da wanda zan kama. Nasiru ya yi tambaya, an ba shi amsa. Babanku ya riƙe amana. Masu fegi suna son wurin kwana. Kowa ya yi abin da yake ganin daidai ne, gidan nan ya mutu a tsakaninsu.

Da damina ya rasu, bayan 'yar gajeruwar jinya. Da can in an yi rasuwa a gidan nan ba a aika kowa arewa, masu wucewa ta ƙofarmu su ke ɗaukar labari, kafin kasuwa ta zagayo an ji har rugar ƙarshe. Wannan karon babu mai wucewa. Yayanku ya gwada kiran wani ɗan Ardo a waya, ba rezo a inda suke, kira bai shiga ba, daga baya hidimar zaman makoki ta ɗauke hankalin kowa.

Ina cikin takaba, bayan kaka, wata la'asar ina zaune ina tsince wake, na ji babur ya tsaya a waje. Na ji ana gardama, mai babur na cewa nan ne, wata murya na cewa ba nan ba ne, gidan da yake nema a bakin fili yake. Na gane muryar, Ardo ne. Ya tsufa ƙwarai, ashe idonsa ma ya yi rauni. Na ji sandarsa tana laluben dokin ƙofa, sannan ya yi sallama da ƙarfi, da fara'arsa, yadda ya saba.

“Salamu alaikum! Garba! Garba, hito ka ga baƙo! Na taho maka da man shanu, ka ce ma uwar gida ta rage gishiri!”

Babu namiji a gidan. Na ajiye faifan wake, na ja mayafi, na taka har bayan zana. Ya sake kiran sunan babanku. Ni ce na amsa masa.